Yaran da suka yi wa zomo kuka su ne suka jefi ɗan mujiya

Malamar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ne ya faru a makarantarmu jiya ya hana ni barci, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a samu mai warware mini.

Ranar Laraba na yi wa 'yan ajina tatsuniyar ɗan zomon da ya faɗa tarko, uwarsa tana ta bulayin nemansa har dare ya yi. Ban kai rabi ba wata yarinya ta kifa kai a benci tana sheshsheƙa, sai da na yi sauri na kuɓutar da zomon kafin aji ya natsu. Jiya Alhamis an fita tara, sai na ji ihu a bayan aji. Ashe ɗan mujiya ne ya faɗo daga cikin silin, jikinsa duk farin gashi kamar an barbaɗa masa auduga, ko tashi bai iya ba. An yi masa zobe ana ta jifa. Kafin in kutsa an riga an karya masa fiffike. Abin da ya kashe mini jiki shi ne, yarinyar nan da ta yi wa zomo kuka tana gaba-gaba, da dutse a hannunta. Na ce ke, me ya yi miki? Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Malama, ai mayya ce. In ta yi kuka a kan gida sai wani ya mutu."

Ni dai na daɗe ina cewa tatsuniya tana sa yara tausayin dabbobi, har ina kafa hujja da ita a taron malamai. Yanzu na rasa ta cewa. Zomon da ba ta taɓa gani ba ta yi masa hawaye, tsuntsun da ke gabanta yana numfashi ta ɗaukar masa dutse, kuma duka biyun daga labari ta samo su. In ci gaba da ba su tatsuniyoyin yadda na gaje su ne, ko in riƙa gyarawa? Ɗan mujiyar yana cikin kwali a ɗakina, ban ma san abin da zan ba shi ba.

Likitan Shanu:
Wa alaikumus salam Malama. Mu fara da mai rai tukuna. Kada ki ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. Ki ajiye kwalin a wuri mai duhu da ɗumi, yara su daina leƙe. Nama ɗanye zai ci, ƙanana-ƙanana, amma tsoka zalla ba za ta riƙe shi ba, yana buƙatar gashi da ƙashi. In kin samu ɓeran da tarko ya kama, wanda kin tabbata ba guba ce ta kashe shi ba, shi ya fi. Fiffiken kuma sai wanda ya iya ya duba shi da hannu, daga nan ba zan iya ce miki komai ba. Ki shirya wa ranki, ƙanana irinsa da karaya ba kasafai suke tashi ba.

Fuskarsa fara ce, mai faɗi, ta tsuke wajen haɓa?

Malamar Aji Huɗu:
Haka take Likita, sak. Idanun kuma baƙaƙe wuluk.

Likitan Shanu:
To farar mujiyar nan ce mai son zama cikin rufi da kangaye. Akwai ta a kowace nahiya in ban da Antatika. Ki sa a duba silin ɗin, da wuya a ce shi kaɗai ne.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, sannu da ƙoƙari. Amma ki raba hatsi da tsakuwa. Abin da yarinyar nan ta faɗa miki camfi ne, ba tatsuniya ba. Tatsuniya da bakinta take faɗin cewa ƙarya ce. Ana buɗe ta da "ga ta nan ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus", har mai bayarwa ya ƙara da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Yaro ya san an shiga wata duniya an fito. Camfi kuwa ba ya sallama, da rana tsaka ake faɗinsa da fuskar gaskiya, kuma babba ne ke faɗa. Kada ki ɗora wa tatsuniya laifin da ba nata ba, kuma don Allah kada ki taɓa ta. Kurar tatsuniya ai ba kurar daji ba ce, mutum ne mai haɗama aka sa wa fatar kura don a faɗa masa gaskiya ba a yi faɗa ba. In kika mayar da ita mutuniyar kirki kin kashe labarin, kurar daji kuma ba ta san kin yi ba.

Autan Zaure:
Baba ranka ya daɗe, mu da muka girma mun san mutum ake nufi. Ɗan shekara tara fa? Ni har na shiga sakandare in na ji an ce kura, abin da ke zuwa mini shi ne sakarya, matsoraciya, mai bin mushe. Ban taɓa ganinta ba, amma na riga na yanke mata hukunci. Wa ya koya mini? Gizo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, to a tatsuniya ma haka ne, ita ke shan dukan shi ke cinye ribar.

Ɗalibar Kimiyya:
Autan ya taɓo inda nake so. Baba ka yi mini afuwa, zan ɗan saɓa maka. An yi wa kura ƙazafi, kuma ƙazafin bai tsaya a bakin masu tatsuniya ba, har masana sun daɗe suna maimaita shi. Sai a shekarun 1960 wani masani ɗan ƙasar Holan, Hans Kruuk, ya riƙa bin kuraye da dare a Serengeti da Ngorongoro cikin Tanzaniya, ya fitar da sakamakonsa a 1972. Ya tarar kura mai dabbare-dabbare da kanta take farautar mafi yawan abin da take ci, har jakin dawa suke kayarwa in sun haɗu. A Ngorongoro ma sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace abin da suka kashe. Mutum ya zo da safe ya ga zaki a kan nama kuraye na gefe suna jira, sai ya ce ga mabarata nan. Ashe masu kayan ne aka kora.

Wanda ya fi dogara da mushe shi ne sayaki, mai zane-zane a jiki, shi ma aikin shara yake mana kyauta. Kura kuwa har ƙashi take taunewa ta narkar. A wani bincike da aka buga a 2021 an ƙiyasta cewa kurayen da ke kewayen birnin Mekele a Habasha suna kwashe sama da tan 200 na mushe da tarkacen yanka a shekara. Ka ɗauka babu su, ina wannan ƙazantar za ta?

Ɗan Makiyaya:
Ƙanwata, kin yi karatu, Allah ya ƙara basira. Amma ki taɓa kwana a bakin garke tukuna. Ina yaro kura ta shigo mana da dare, da safe muka tarar da maraƙi ta cinye bayansa yana da sauran rai, sai yanka shi aka yi. Mahaifina bai ce uffan ba ranar har rana ta faɗi. Mutanen da suka ƙirƙiro labaran nan ba wawaye ba ne, kuma ba a kan gado suka ƙirƙiro su ba. Wanda ya ce wa yaro akwai dodo a bakin kogi ya san akwai kada a wurin, ya san kuma in ya ce "kada" yaron zai je kallo. Tsoron da ke cikin labari rai yake tsarewa. Ku masu son dabbobi a waya, ba ku ake wa ɓarnar ba.

Ɗalibar Kimiyya:
Yaya, ban musa maka ba ko kaɗan, kuma Allah ya mayar da alheri. Ai maganarka ma tana ƙarfafa tawa, mafarauciya ce shi ya sa ta iya abin da ta yi. Abin da nake cewa, tsoro daban, raini daban. Wanda ke tsoron kura zai ƙarfafa shinge ya kwana da kare. Wanda ya raina ta shi ke zuba guba a mushe, kura ɗaya ta mutu, ungulaye su sauka su ci su zube gaba ɗaya.

Ɗan Makiyaya:
Wannan kam gaskiya ne, na ga an yi, kuma ban ji daɗinsa ba.

Ustaz Na Gefe:
Bismillah. Malama, abin da yarinyar nan ta faɗa tsoho ne ƙwarai, ya girmi kakannin kakanninmu. Larabawan jahiliyya suna da irinsa. Suna cewa in an kashe mutum ba a ɗaukar masa fansa ba, wani tsuntsun dare da suke kira hama yana fitowa daga kansa yana kuka a kan kabari, wasu kuma suna cewa in mujiya ta sauka a kan gida to mutuwa ta zo. Annabi (SAW) ya kore wannan a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda ya ce babu camfi da tsuntsaye kuma babu hama. Saboda haka in iyaye suka taso miki, ba sai kin je da nisa neman hujja ba.

Akwai kuma wanda Abu Dawuda ya ruwaito, ya yi daidai da abin da ya faru a bayan ajinki. Sahabbai suna tafiya suka ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu. Da Annabi (SAW) ya dawo ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali saboda 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Sai dai ina roƙo, kada a cakuɗa wannan da Gizo da Ƙoƙi. Tururuwar Annabi Sulaiman da alhudahudansa gaskiya ne, ba almara ba.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya gafarta Malam, ai abin da nake faɗa ke nan, kowane da mazauninsa.

Ustaz Na Gefe:
Haka ne Baba. In kuma almara ake so, malaman da ma sun yi ta. A ƙarni na 10 wasu masana a Basra da ake kira Ikhwanus Safa sun rubuta labarin dabbobi da suka kai ƙarar ɗan Adam gaban sarkin aljanu. Jirgin ruwa ya jefa mutane wani tsibiri, suka tarar da dabbobi na zaune lafiya, suka hau kamawa da ɗaurewa suna cewa bayinsu ne. Aka zauna shari'a, kowane jinsi ya turo wakili, dabbobin ɗaukar kaya suna nuna tabon bulala, mutane suna kawo hujja ana rushe ta ɗaya bayan ɗaya. Mutum ne ya yi nasara a ƙarshe, amma da ƙyar, kuma mai karatu ba ya tashi da girman kan da ya zauna da shi. Ba ina tallata aƙidarsu ba ne, malamai sun yi magana a kanta. Dabarar nake nuna wa Malama: a sa yaro ya tsaya a matsayin wanda ake ƙara.

Autan Zaure:
Malama ki gwada wannan, ki naɗa yarinyar nan lauyar mujiya. Ni zan zo in tsaya wa ɓeraye, don su ma suna da ƙorafi.

Gwaggon Yara:
Kai Auta ba ka da dama. Ni dai ina bayan Baba da rabi. Ku tuna shamuwa. Wa ya taɓa ganin yaro ya ɗaga danƙo ya harbe ta? Tana sheƙa a bishiyar tsakar gida, ta ɓata ƙasa da kashi, ba mai korarta, saboda an ce ita ke zuwa da damina. Babu dokar gwamnati, babu ɗan sanda, magana ce kawai aka gada. To shi ma ai labari ne, kuma ya yi aiki.

Ɗalibar Kimiyya:
Gwaggo, kuma labarin yana da ƙafa a ƙasa. Shamuwa tana hayayyafa a yankin Sahel lokacin damina, in rani ya shigo ta tsallaka ta yi kudu, zuwa gabashi da kudancin Afirka, ta ci daminar can. Ruwan take bi saboda fara da tsutsa, su ne abincinta. Wanda ya fara cewa ita ke kawo ruwa ya lura da kyau, dalilin ne kawai ya juya. Manomin da ya bar ta ya samu mai cinye masa fara bai sani ba.

Amma ga inda abin yake ba ni tsoro. A Madagaska akwai wasu dabbobi biyu dangin juna, masu kama da birai. Ɗaya ana kiransa indri, mutanen wurin suna ce masa babakoto. A labarinsu shi da mutum tushensu ɗaya, wasu kuma suna cewa ya taɓa ceton yaron da ya maƙale a kan bishiya wajen ɗiban zuma, don haka a wurare da dama haramun ne a kashe shi. Ɗayan kuma aye-aye, mai yawon dare, mai manyan idanu da wani siririn ɗan yatsa na tsakiya. Da yatsan yake ƙwanƙwasa itace yana saurare, in ya ji rami ya huda da haƙori ya zaƙulo tsutsa. To a wasu yankunan an ce in ya nuna ka da yatsan nan ka mutu, sai a kashe shi da an gan shi, a rataye gawar a bakin hanya don baƙo ya tafi da sharrin. Tsibiri ɗaya, ɗaya ya zama kaka ɗaya ya zama maye. Me ya raba su? Indri da rana yake fita, yana da kyan gani, yana rera kuka kamar waƙa. Aye-aye na dare ne kuma mummuna. Ku duba jerin waɗanda labari ya tsana a ko'ina: mujiya, jemage, kura, kyarkeci. Kusan duk ma'aikatan dare ne. Mun tsani abin da ba mu gani sosai.

Gwaggon Yara:
Ikon Allah. Har a magana ma, in an ware mutum an tsane shi sai a ce an mayar da shi mujiya.

Likitan Shanu:
Bari in zuba ruwan sanyi a zancen nan kaɗan, don na ga ana neman ɗora wa labari kayan da ya fi ƙarfinsa. Indrin da ake girmamawa ɗin yana cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa yau, saboda dajin ake sarewa, kuma haramcin kashe shi bai hana saran itace ba.

Misalin da ya fi damuna a aikina shi ne na Indiya. A can ungulu ta samu babban gata a labari. A tsohon labarinsu na Ramayana akwai Jatayu, ungulun da ya yi yaƙi da sarkin miyagu don ya ceci matar da aka sace, aka sare masa fiffike ya mutu a kan haka. Yara sun san shi. Duk da haka daga shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka fara zubewa, wani jinsin ya ragu da sama da kashi 99 cikin ɗari tsakanin 1992 da 2007. Ba wanda ya tsane su, ba wanda ya jefe su. Maganin ciwo ne mai suna diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa. Saniya ta mutu da shi a jiki, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace cikin 'yan kwanaki. Sai a 2004 aka buga binciken da ya tabbatar da hakan, daga aikin da aka yi a Pakistan, a 2006 Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi. Kafin nan mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulayen ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Jatayu bai gano diclofenac ba. Wanda ya yanka gawar ungulu ya duba ƙoda shi ya gano. Ni nan na tsaya.

Baba Mai Ritaya:
Likita, to da aka tashi ceton waɗanda suka rage, wane suna aka sa wa wurin kiwon nasu?

Likitan Shanu:
Baba ka kama ni. Cibiyar da ke Pinjore a jihar Haryana sunan Jatayu aka sa mata.

Baba Mai Ritaya:
To ka gani. Ilimi ya gano cutar, amma da aka zo neman mutane su damu, tsohon labari aka koma aka ɗauko. Ka je ka ce wa mutum ya ba da kuɗinsa don tsuntsu mai sanƙo mai cin mushe, ka ga ko zai saurare ka. Mu nan me muka tanadar wa ungulu a bakinmu? "Ungulu da kan zabo", wato ita ce ma abin da ake ɓoyewa a yaudari mai saye. In ranar ceton tamu ta zo, da wane labari za mu fita?

Autan Zaure:
Akwai "ungulu ba ki jewar banza" Baba. Aƙalla an yarda tana da dalili.

Ɗalibar Kimiyya:
Ranar ta riga ta zo fa. Tun 2015 aka sa ungulun nan da muka saba gani a mahauta cikin jerin masu dab da ƙarewa, kuma cikin dalilan har da farautarta don sassan jikinta da ake cewa suna maganin asiri. Nan ma labari ne ke cin ta.

Amma Likita, akwai inda almara ke ɗauke da ilimin kanta, ba talla kawai ba. Mutanen Maori na Niyu Zilan suna da dodannin ruwa da suke kira taniwha. A garin Matata akwai wani rafi da suke cewa ƙaton ƙadangare ne, kansa na kan tudu, jelarsa na ƙasa wajen fili, kuma jelar tana kaɗawa dama da hagu. Ma'anar ita ce in an yi babbar ambaliya ƙarshen rafin yana sauya hanya. Wanda ya yarda da ƙadangaren ba zai yi gini inda jela ke bugu ba. A 2005 ruwa da laka suka gangaro suka rushe gidaje a garin, wuraren taron gargajiyarsu kuwa ba abin da ya same su. Ka ga wannan dodon daidai yake da na Yaya Ɗan Makiyaya, wanda ke tsaron bakin kogi.

Ɗan Makiyaya:
Yauwa. Yanzu kika zo gida.

Malamar Aji Huɗu:
Na karanta duka, Allah ya saka. Baba, na yarda ba zan mayar da kura waliyyiya ba, yaran ma ba za su yarda ba, sun fi son ta a yadda take. Amma ban yarda cewa yaro yana raba tatsuniya da camfi yadda kake rabawa ba. A kansa duk kwando ɗaya ne, abin da manya suka faɗa game da dabba. Kuma na lura da wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai yau: duk tatsuniyoyin da nake bayarwa, babu ɗaya da ta taɓa sa yaro ya tashi ya je ya kalli dabbar. Zomon nawa yana magana, yana kuka, yana da uwa mai nemansa, wato yaro ne da dogayen kunnuwa. Kanta ta yi wa kuka ba zomo ba. Da ta haɗu da abin da bai yi kama da ita ba, yana huci yana buɗe baki, tausayin bai san hanyar zuwa ba.

Likitan Shanu:
To ki ba shi hanya. Ki sa a duba ƙasan inda suke kwana, za a ga wasu curarruka baƙaƙe kamar babban yatsa. Ba kashi ba ne. Mujiya tana haɗiye ɓera ɗungurungum, naman ya narke, gashi da ƙashi ta cure su ta amayar. Ki jiƙa su a ruwa, ki ba yara tsinke su warware a kan takarda. A sa safar hannu ko leda, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Kada ki gaya musu abin da za su gani. A Malesiya manoman kwakwar manja da na shinkafa akwatuna suke kafa wa irin wannan mujiyar a gona don ta zauna ta rage musu ɓeraye, amma wannan ki bari sai sun gama ƙirga da kansu.

Malamar Aji Huɗu:
Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shirun kwana tara. Ɗan mujiyar ya mutu a kwana na uku. Na kai shi an duba, aka ce karayar ta yi muni.

Amma Likita ka yi gaskiya, akwai biyu a silin, uwar tana shiga ta wata kafa a jikin bango. Mai gadi ya tattaro mana curi goma sha ɗaya. Da farko ba wanda ya yarda ya taɓa, wani yaro ma ya ce kayan maita ne. Na warware na farko da kaina. Da ɗan ƙoƙon kai ya fito, ƙarami kamar ƙwallon dabino, da haƙoran gaba biyu masu ruwan ɗorawa, sai aji ya yi tsit, can wani ya ce "ɓera ne!" Daga nan sai rububi. Suka jera ƙasusuwan a kan farar takarda, muƙamuƙi a gefe, haƙarƙari kamar zare a gefe. Mun ƙirga kawuna goma sha tara. Biyu daga ciki dogon baki gare su da haƙora masu tsini, ban gane su ba.

Na bi shawarar Malam da Auta, muka yi shari'a. Yarinyar nan ta ƙi zama lauyar mujiya, ta ce ita alƙali za ta yi. Hukuncinta: mujiya mayya ce har yanzu, amma mayyar ɓeraye, don haka a bar ta. Ban gyara mata ba. Bayan an tashi ta dawo ta tambaye ni inda na binne ɗan, sannan ta ce, in ba mutuwa take kira ba, me ya sa take wannan kukan?

Matsalar yanzu, iyaye biyu sun kai ƙorafi, shugaban makaranta ya ce a toshe kafar ranar Asabar.

Autan Zaure:
Mayyar ɓeraye! Wallahi yarinyar nan ta fi mu duka. Ni da na tsaya wa ɓeraye na faɗi shari'a, zan ɗaukaka ƙara.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, kin ga ba ki taɓa tsohon labarin ba, ita da kanta ta ɗora masa sabon reshe. Haka dama ake yi, kowace kaka da irin gishirin da take ƙarawa. Sai dai har yanzu ina kan bakana, camfi ne ya ɗauki dutsen nan.

Ɗalibar Kimiyya:
Ni kuma ina kan nawa Baba, kalmar mayya ba ta fita ba tukuna, kuma ƙaninta zai ji kalmar kafin ya ji ɓerayen. Malama, masu dogon bakin nan jaɓa ce, ƙwari take ci shi ya sa haƙoranta suke da tsini. Ki turo hoto in tabbatar.

Likitan Shanu:
Ki gaya wa alƙali cewa doguwar ƙarar nan ta manya ce, namiji na kiran mace ko yana shelar cewa wurin nasa ne. Hucin da ake ji daga silin kamar minshari kuma 'ya'yan ne ke cewa yunwa.

In aka toshe ranar Asabar za su mutu a ciki, warin kuma ajinki zai dawo, ki fara masa da wannan. Daga ƙyanƙyasa zuwa tashi wata biyu ne da 'yan kwanaki, tunda kuma har yanzu farin gashi ne a jikinsu, ki roƙe shi sati shida. Kafin nan a haɗa akwatin katako a kafa a bishiya ko jikin bango nesa da azuzuwa, sama da ƙasa da aƙalla mita 3. Ƙofar ta zama kamar santimita 13, kuma daga ƙasan ƙofar zuwa gindin akwatin kada ya gaza santimita 45, don rashin zurfin nan ne ke sa ƙanana faɗowa tun ba su yi fiffike ba. Sai sun tashi a toshe kafar.

Ustaz Na Gefe:
In iyayen za su yarda a zauna, ki sanar da ni ranar, zan rubuto miki hadisan biyu da lafazinsu ki tafi da su.

Malamar Aji Huɗu:
Na gode Allah gafarta Malam, ka rubuto yau in da hali, gobe da safe zan shiga ofishinsa. Likita, santimita 45 ɗin daga ciki ake aunawa ko har da kaurin katakon?